Me Ya Sa Suke Komawa? Lacca Kan Matan Da Suka Bar Zaman Kansu

Assalamu alaikum. Tambayar da aka fi yi mini ita ce, me ya sa suke komawa? Mace ta bar karuwanci, an koya mata ɗinki wata uku, an ba ta keke, an ɗauki hoto, bayan wata biyar a ji ta koma. Sai a ce ai hali zanen dutse. Ni dai na ce mu zauna mu yi lissafi tukuna.

Wannan baiwar Allah kullum kuɗi na shigo mata, komai ƙanƙantarsu. Da su take biyan haya, da su yara ke ci, wata ma magajiya na bin ta bashi. Sabon aiki kuwa albashi sai ƙarshen wata, ɗinki kuma sai an san hannunki kafin a kawo miki. To, kwana talatin ɗin nan wa zai riƙe ta? Mai gidan haya ba ya karɓar takardar shaidar koyon sana'a. A nan yawancin shirye-shiryenmu ke faɗuwa, kuma ban cire kaina ba. Faransa ta lura da wannan a dokarta ta 2016: aka tanadi alawus na wata-wata, Yuro 330 da farko, baƙuwa kuma a ba ta takardar zama ta wata shida da izinin aiki. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, gaskiya, amma an san akwai rami a tsakani.

Sai takarda. Inda doka ta haramta wannan harka, wadda aka taɓa yanke wa hukunci sunanta na nan a rubuce, mai ɗaukar aiki ya bincika ya gani, shi ke nan. A 2010 jihar New York ta Amurka ta ba waɗanda aka yi safararsu damar neman kotu ta goge musu irin wannan hukunci. Wadda talauci ya kai ta fa?

Ko ba hukunci, za a tambaye ta: shekara bakwai ɗin nan ina kika yi aiki? In ta faɗi gaskiya a sallame ta, in ta ɓoye ta zauna cikin fargaba. Ranar da wani tsohon abokin hulɗarta ya shigo ya gane ta, ita ake kora, shi kuwa a ba shi kujera.

Na ga hannu a baya. Hajiya, bismillah.