Hirar Gindin Darbejiya: Man da Ya Ƙare a Kan Wata

Malam Habu: Assalamu alaikum masu saurare. Yau ma muna gindin darbejiyar bayan shagon caji, nan ƙauyenmu kusa da Ringim. In kun ji ƙarar janareta sai ku yi haƙuri. Ina tare da Sani da ƙaninsa Auwalu, wanda aka ce ya baro bawan Allah a kan wata.

Auwalu: Malam, ba mutum ba ne fa. Jebediah ne, ɗan koren nan na wasan kwamfuta na haɗa kumbo, Kerbal Space Program. Kwanansa huɗu a Mun, wato watan duniyarsu, tanki ƙaf.

Malam Habu: Ikon Allah. Ba ka ce kwamfuta ce ke tuƙa maka kumbon ba?

Auwalu: Ita ce. MechJeb nake sawa, manhajar da ake ƙara wa wasan don ta yi tuƙin. Sai in ce ya kai ni kewaye, wato inda kumbo ke zagaya duniya a sama, ya kai ni. In ce ya sauka, ya sauka lafiya lau. Da na ce mu koma gida, sai inji ya yi tari ya mutu.

Sani: To laifin wa? Direba ka ɗauka, kai ne mai mota. Ka taɓa ganin direban da ya zuba mai daga aljihunsa? Kuma MechJeb yana nuna maka lissafin a allo, kai ne ba ka duba ba.

Auwalu: Yaya, lambobin ne da yawa.

Sani: Guda ɗaya ce abin dubawa, wadda suke kira delta-bi. Ba lita ake ƙirgawa ba, Malam, ana ƙirga yawan saurin da man zai iya ƙara wa kumbo ko ya rage masa. Daga ƙasan Kerbin, wato duniyar wasan, zuwa kewaye, sama da kilomita 70 inda iska ta ƙare, kana buƙatar wajen mita 3,400 a daƙiƙa. Zuwa Mun ƙarin wajen 860. Sauka kusan 580, tashi ma haka. Auwalu ya yi guzurin tafiya, ya manta na dawowa.

Malam Habu: Tsaya, sauka ma mai take ci? Ni da babur ɗina in na zo gangara kashe inji nake yi.

Sani: Nan ne mutane ke faɗawa. A can babu iska, babu kwalta, babu abin da taya za ta kama. Birki ma mai yake sha. Sai ka juya kumbon baya ka kunna inji kafin ya rage gudu.

Auwalu: Shi ke nan, gobe zan ninka tankuna.

Sani: Ka ga irinta ko? Jaki ne ka ɗora wa harawar da zai ci a hanya. Kana ƙara harawa, kaya na ƙara nauyi, shi kuma yana ƙara ci. Tun 1903 wani malamin makaranta a Rasha, Tsiolkovsky, ya fitar da lissafin nan. Dabarar ita ce roka hawa-hawa, tankin da ya ƙare ka yar da shi.

Malam Habu: To a gaske fa, ana barin kwamfuta ta yi komai?

Sani: A 1969 kwamfutar Apollo 11 ta nufi wani wuri mai duwatsu, sai Neil Armstrong ya karɓi tuƙin ya nemi fili. Mai na ta raguwa, daga ƙasa ana faɗa masa saura daƙiƙa 60, saura 30. Ni dai a ganina, wanda bai taɓa sauke kumbo da hannunsa ba, bai kamata ya sa MechJeb ba tukuna.

Auwalu: Yanzu Jebediah fa?

Sani: Ka haɗa kumbon ceto, ka bar kujera ɗaya babu kowa. Ka tuna, babu kowa. Wancan karon mutum uku ka cika a ciki.

Malam Habu: Ga mai shago can yana ɗaga mana hannu, shi ma nasa man ya kusa.