Ba kowa ake kwantarwa ba: matakan jinyar mai shaye-shaye

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Duk gidan da aka gano yaro ya faɗa shan ƙwaya, maganar farko da za ka ji ita ce a kai shi a kulle shi. Wasu su ce asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wasu su ce gidan mari, kamar dai ƙofa ɗaya ce tal. To ba haka aikin yake ba, jinyar shaye-shaye hawa-hawa ce, kuma kowa da inda ya dace a ajiye shi.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Ku gaya min, wane asibiti ne ke da gadon da zai ɗauki wannan adadin? Babu. Kuma yawancinsu ma ba gado suke buƙata ba.

Tsarin da aka fi sani ya fito ne daga Amurka, wata ƙungiyar likitocin wannan fanni da ake kira ASAM ta fitar da shi a 1991, ana ta sabunta shi har zuwa 2023. Matakai ne daga na 1 zuwa na 4.

Na farko shi ne ka zo ka koma gida. Mutum yana zuwa aikinsa ko makarantarsa, yana kwana a ɗakinsa, sai dai yana da ranakun ganin likita ko mai ba da shawara, ƙasa da awa 9 a sati. Wannan na wanda abin bai yi nisa ba ne, kuma gidan da yake akwai masu sa masa ido. Na biyu kuma a gida yake kwana amma zuwan ya fi yawa, daga awa 9 zuwa 19 a sati, in abin ya ƙara nauyi ya kai awa 20 ko fiye, kusan wuni yake yi a asibiti da yamma ya koma.

Na uku shi ne zama a cibiya, dare da rana, makonni ko watanni. Nan ne jama'a suke ruɗewa, suna ganin wanda ya fi shan ƙwaya shi ake kaiwa, alhali ba yawan shan kaɗai ake dubawa ba. Ana duba inda yake zaune. Yaron da dilan yake bakin layinsu, abokansa duk a majalisa ɗaya suke sha, wataƙila ma yayansa yana sha, to ko da shan nasa bai kai na wani ba, barinsa a unguwar nan yana zuwa asibiti sau ɗaya a sati kamar zuba ruwa ne a kwando. Shi yana buƙatar a raba shi da wurin na ɗan lokaci. Wani kuma ya fi shi sha amma yana da mata da iyaye tsayayyu da sana'ar da yake tsoron rasawa, sai ka ga ya yi kyau daga gida.

Na huɗu asibiti ne sosai, likita da nas suna kansa ba dare ba rana. Kuma a nan nake so ku saurara da kyau don maganar rai ce. Wanda jikinsa ya saba da giya, ko irin su diazepam da roche, in aka tsayar masa rana ɗaya yana iya fara jijjiga, ya fita hayyacinsa, yana ganin abubuwan da babu su, kuma mutum yana iya mutuwa a haka. Na giya yakan fi tsanani tsakanin kwana 2 zuwa 4 da daina sha. Don haka kulle irin wannan mutumin a ɗaki a ce ya sha wuya ya daina, wallahi ganganci ne. Likita ne ke rage masa a hankali da magani. Masu tramadol da kodin su kuma za su yi ta ciwon jiki, gudawa, gumi, rashin barci, wahala ce sosai amma ba kasafai take kisa ba. Haɗarinsu yana gaba: bayan jiki ya wanke, ƙarfin ɗaukarsa ya ragu, in ya koma ya sha adadin da ya saba a da, numfashi na iya tsayawa.

Shi ya sa wanke jiki kaɗai ba jinya ba ce. Iyaye da yawa suna biyan kuɗin sati biyu, yaro ya fito ya yi fes ya yi ƙiba, a ce alhamdulillahi an gama, bayan wata ɗaya ya koma ruwa sai a ce asibitin ne bai iya ba. A'a, daga mataki na huɗu ba gida kai tsaye ake tsallakawa ba, saukowa ake yi, na uku, na biyu, na ɗaya. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta ce jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinya suna komawa shaye-shaye. In ya koma ba a ce ya lalace ba, mataki ake ƙara masa, a sake duba me aka bari a baya, don sau da yawa akwai ciwon damuwa ko wata larurar ƙwaƙwalwa a ƙasa da ba a taɓa ba.

Maganar gidan mari kuwa, duk mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabon duka. Na san iyayen da suke kai 'ya'yansu ba mugunta ba ce, gajiya ce da rashin sanin inda za a nufa. Addu'a da nasihar malami suna da wurinsu kuma suna taimakawa, amma sarƙa ba ta cikin kowane mataki.

To ina za a fara? A fara da gwaji da tantancewa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ofisoshin NDLEA ma suna da sashen ba da shawara. In kun je ku faɗi gaskiya, me yake sha, nawa a rana, tun yaushe, ya taɓa jijjiga, ya taɓa maganar kashe kansa. Sannan kafin ku biya ko sisi ku tambaye su, akwai likita a wurin? Kuma ranar da aka sallame shi, wa zai ci gaba da ganinsa, sau nawa a sati?