Sunan Mace a Bakin Jama'a

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa, sannunku da zuwa. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, kuma a kan abu ɗaya zan ƙarar da shi, wato suna.

Me ya sa mace take tsoron ɓacin suna fiye da yunwa? Domin duk inda dukiya da iko da yanke shawara suke hannun maza, aurenta da matsuguninta, har darajar 'ya'yanta, sun rataya ne a kan abin da ake faɗa game da ita. Namiji in ya yi abin kunya yana da sana'arsa, yana da aljihunsa, gobe a ce ƙuruciya ce. Ita kuwa sunan nan shi ne jarinta. Ga shi an ɗora mata mutuncin uba da na yayye da na miji, ta yi ta dakonsu, in ta yi tuntuɓe a ce ta zubar da na gida duka.

Kada wani ya ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. Har zuwa 1981 dokar Italiya tana sassauta hukunci ga wanda ya kashe matarsa ko 'yarsa da sunan kare mutunci, wanda ya yi fyaɗe kuma yana kuɓuta idan ya auri yarinyar. Franca Viola, wata budurwa da aka sace a tsibirin Sisili na Italiya a 1965, ta yi suna ne saboda ta ƙi irin wannan auren. A shekarar 2000 asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mata kusan 5,000 ake kashewa duk shekara a duniya da sunan kare mutunci.

Mu a nan ƙasar waje ba wuƙa muke ɗauka ba, waya muke ɗauka. Ba mu da yawa, kowa ya san kowa. A ga yarinya ta tsaya da abokin karatunta, a ɗauki hoto, kafin ta isa ɗaki mahaifiyarta ta gani a WhatsApp daga wata nahiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun da wannan tsoro yake haifarwa. Mace tana shan duka, ta san lambar 'yan sanda, ta san haƙƙinta, amma ta haɗiye, don kada a ce ta tona asirin miji. Iyayena maza, ku ma kuna ɗauke da naku: magidanci ya rasa aiki, ya yi ta ɓoyewa don kada a ce ya gaza, damuwa tana cinsa.

Addininmu bai ɗauki wannan da wasa ba. Aya ta 4 a Suratun Nur ta ce wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu 4 ba, a yi masa bulala 80, kada a sake karɓar shaidarsa. Nana A'isha kanta an yi mata ƙazafi, wata guda ana maganar a Madina kafin ayoyi su wanke ta. Mutunci madara ne, mun sani, to me ya sa muke saurin tunkuɗe na 'yar wani?

Ina roƙon abu biyu, shugaba. A rubuta cikin dokokin ƙungiya cewa duk wanda ya tura hoto ko zargi a kan wani a zaurenmu na WhatsApp za a cire shi. Sannan a zaɓi dattijai uku, biyu daga cikinsu mata, waɗanda mai damuwa zai je wurinsu maganar ta tsaya a nan. Ina so a kaɗa ƙuri'a a kai yau kafin mu tashi.