Yadda ake sauya kaurin tsirkiyar lut daga hanji zuwa nailan ko kabon

Masu kallo, ga tsirkiya guda biyu a kan tebur, kowacce kaurinta milimita 0.60, ɗaya ta hanjin tumaki, ɗaya ta kabon, wato wata irin roba mai nauyi. A kauri babu abin da ya bambanta su, amma idan aka ɗaura ta kabon a gurbin ta hanji a kan lut, wato molon Turawa, aka murɗa ta har ta ba da sauti iri ɗaya, ƙarfin janta zai tashi daga kilo 3 zuwa sama da kilo 4. Fuskar lut katako ne siriri ƙwarai, jakin da ke riƙe da tsirkiyoyin kuma da gam aka manna shi, don haka wannan ƙari ba abin wasa ba ne.

Dalilin yana cikin ƙa'idar da Marin Mersenne, malamin nan na Faransa, ya wallafa a 1636: abubuwa uku ne ke yanke sautin tsirkiya, wato tsawonta da ƙarfin janta da nauyinta. Tun da tsawo da sauti ba za su canza ba, nauyin ne ya kamata a daidaita don ƙarfin ja ya zauna yadda yake, kauri kuwa ya biyo baya.

A ma'aunin giram cikin santimita guda ta kowace fuska, hanji yana kusan 1.3, nailan kusan 1.1, kabon kuma 1.78. Sai ku raba wannan lambar nauyi ta tsohuwar tsirkiya da ta sabuwar, ku nemo adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da wannan amsa, sannan ku ninka shi da tsohon kaurin. Daga hanji zuwa kabon adadin 0.85 ne, saboda haka 0.60 ta koma 0.51. Zuwa nailan kuwa 1.09 ne, sai ta zama 0.65. Nylgut, wato tsirkiyar roba ta kamfanin Aquila, nauyinsa daidai yake da na hanji, ba ya buƙatar lissafi.

Wurin awo ne aka fi yin kuskure. Tsirkiyar da ta daɗe a ɗaure takan miƙe ta sirance, musamman ta roba, shi ya sa ya fi kyau a auna jelar da ta rage bayan ƙulli, inda ja bai kai ba. Wadda aka naɗe da waya kuma kaurinta na waje ba ya shiga wannan lissafi. Lambar da mai ƙera ta ya rubuta, mai nuna kaurin hanjin da take daidai da shi, ita za ku ɗauka.