Na sa dala 120 a gwanjon eBay, me ya sa allo ya nuna 50?

Kwanakin nan tambaya ɗaya ake ta maimaitawa. Mutum ya shiga gwanjon eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ya taya waya, yana danna maɓalli sai ya ga an riga an wuce shi, ko daƙiƙa ɗaya ba a yi ba. Ya ƙara, an sake wuce shi. Sai ya ce aljani ne, ko kuma mai kayan ne ke zaune yana masa wasa da hankali. To, ba aljani ba ne. Na'ura ce, kuma yau za mu buɗe cikinta.

Da sauri tukuna. Kaya iri uku za ka gani a shafin. Akwai mai farashi tsayayye, ka biya ka ɗauka. Akwai wanda mai shi ya buɗe ƙofar tayi. Sai gwanjo, mai agogo yana ƙirga lokaci, kwana 1, 3, 5, 7 ko 10, gwargwadon abin da mai kaya ya zaɓa.

Na biyun nan cinikin kasuwa ne da kowa ya sani. Ka taya, mai kaya ya sallama, ko ya ce albarka, ko ya mayar maka da nasa farashin. Abu biyu kawai za ka riƙe. Tayin da aka ba ka damar yi a kan kaya ɗaya ƙididdigagge ne, don haka kar ka ɓarnatar da shi wajen taya kayan dala 300 a dala 40. Wasu masu kayan ma sun saita iyaka, duk tayin da bai kai ta ba na'ura ce ke cewa albarka, mai shi yana barci. Na biyu, in ya sallama, ciniki ya faɗa. Babu "bari in je in dawo".

Yanzu ga inda ake rikicewa. Ku matso.

Ga waya, an buɗe gwanjonta a dala 50, babu wanda ya taya. Ga akwatin da ake rubuta kuɗi. Yawancin mutane suna ɗauka abin da suka rubuta a nan shi ne tayinsu. A'a. Abin da ka rubuta shi ne iyakarka, wato kuɗin da in aka wuce shi ka haƙura. Kamar ka aiki dillali kasuwar shanu ne, ka raɗa masa a kunne: kar ka wuce kaza, amma ka sayo min da mafi arha. Dillalin nan shi ne eBay, kuma ba ya gaya wa kowa abin da ka raɗa masa, har mai kayan.

Ka rubuta 120. Dubi allo: 50. Kai ne a gaba, a kan 50. Sauran 70 ɗin suna aljihun dillali.

Ga wani ya shigo, ya rubuta 60. Nan take dillalinka ya ɗaga, allo ya koma 61, kuma kai ne a gaba. Ya ji haushi, ya sa 80. Allo ya ce 81. Wannan bawan Allah shi ne zai je yana ba da labarin aljani. Ya sa 100. Yanzu lura, allo bai ce 101 ba, 102.50 ya ce. Dalili shi ne ƙarin yana da matakai. Daga dala 25 zuwa ƙasa da 100, dala 1 ake ƙarawa. Daga 100 zuwa ƙasa da 250, dala 2.50. Daga 250 zuwa ƙasa da 500, dala 5. Haka yake ta hawa.

In mutumin nan ya gaji a nan, agogo ya cika, wayar taka ce a dala 102.50, duk da ka rubuta 120. In kuma ya yi zuciya ya rubuta 130, shi ya ci, amma 122.50 zai biya, wato iyakarka da ƙari ɗaya. Abin da wanda ya ci zai biya, na biyu ne ke yanke shi.

To in ya rubuta 120 daidai, irin naka? Wanda ya riga sawa shi ke ci. Kai ne, a kan 120. Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa rubuta cikakken adadi. Mutane suna son 100, 120, 150. Kai rubuta 121.37. Wanda ya tsaya a 120 ko 121, ka wuce shi da ɗan canji kaɗan.

Akwai lokaci ɗaya da farashi ke yin tsalle ba tare da abokin takara ba, kuma shi ma yana tsorata mutane. Wani mai kayan yana ajiye ɓoyayyen farashi, wanda in ba a kai shi ba, ba dole ya sayar ba. Za ka ga rubutu ƙarƙashin kuɗin yana cewa ba a kai ba tukuna. A ce ya ɓoye 100, kai kuma ka rubuta 120. Allo zai tashi daga 50 ya dira a 100 kai tsaye. Ba cuta aka yi ba, ƙa'idar ce haka.

Ra'ayina, wanda ke ƙara dala ɗaya-ɗaya tun ranar farko talla kawai yake yi wa mai kaya. Yana ɗaga farashi, yana jawo ido, yana kuma tunzura abokin takara. A yawancin gwanjon eBay agogo ba ya ƙaruwa, in ya cika ya cika. Shi ya sa wasu ke yin shiru har saura daƙiƙa biyar ko goma su jefa iyakarsu sau ɗaya, kuma shafin bai hana ba. Haɗarinsa, intanet ta yi maka gardama a daidai lokacin, ka bi waya da kallo. Kuma ko ka jefa a daƙiƙar ƙarshe, in iyakar wani ta fi taka, shi zai ci. Masu sayo motoci a shafin gwanjon Copart kuwa kar su ɗauki wannan dabarar, domin a gwanjonsu na kai tsaye duk sabon tayi yana sake tayar da agogo.

Sauran a gurguje. Tayi alkawari ne. Ana iya janye shi in ka yi kuskuren rubutu, misali 1200 maimakon 120, ko mai kaya ya sauya bayanin kayan sosai. In saura ƙasa da awa 12 a rufe, cikin awa ɗaya da sawa kaɗai za ka iya janyewa. In ka ci ka ƙi biya, ana rubuta maka a asusu, kuma masu kaya na iya toshe masu irin wannan tarihin.

Kafin ka rubuta iyaka, gangara ƙasan shafin kayan. Kuɗin aikawa daban yake, ba ya cikin tayi. Duba ko mai kayan yana aikawa Najeriya ko Nijar, domin da yawa ba sa yi. In ta adireshin kamfanin jigila a Amurka za ka bi, yawancin jihohi akwai harajin saye a kai, ga kuɗin kilo, ga kwastan, ga canjin dala a katinka. Tara su duka, cire su daga abin da wayar za ta ci a kasuwar Farm Centre ta Kano, abin da ya rage shi za ka rubuta a akwatin.