Fodkas: Ragar Kwamfuta da Hasashen Ambaliyar Kogi

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Ina tare da Malam Bashir, ga kuma Sani daga Yamai. Malam, mai gina ragar jijiyoyin kwamfuta, wato manhajar da ke koyo da kanta daga bayanan da aka ba ta, don hasashen ambaliya, daga ina zai fara?

Malam Bashir: Daga kogin zai fara, Malama Hauwa, kafin ya taɓa kwamfuta. Ruwan da aka yi yau ba shi kaɗai ke cika kogi ba. Sai an duba ko ƙasa ta riga ta ƙoshi, da abin da aka zuba makonni a baya. Don haka raga mai tuna baya ake bukata.

Sani: Wannan mu a Yamai da idonmu muke gani. Sau biyu kogin Kwara ke cika mana. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafuka irin su Sirba ke kawowa daga wajen Burkina Faso. Sai kuma ruwan Gine, wanda ke daɗewa a fadamun tsakiyar Mali, ba ya isowa sai cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, damina ta daɗe da wucewa.

Malam Bashir: Yauwa! Ragar da ba ta tuna abin da ya wuce sati biyu, ina za ta gano wannan? Shi ya sa ake ɗaukar LSTM, wata irin raga mai dogon tuni, wadda masu bincike Hochreiter da Schmidhuber suka fito da ita a 1997. Irin da ake aiki da ita yanzu ƙofofi uku gare ta: ta zubar da abin da ya daina amfani, ta shigar da sabon labari, da ta fitar da amsa. Kamar rumbu ne, kullum ana zubawa ana ɗiba, amma ragar da kanta take koyon abin da ya cancanci ajiya.

Hauwa: To an gwada ta a aikace?

Malam Bashir: Sosai. Masu binciken Google sun wallafa aikinsu a mujallar Nature a 2024. Raga biyu suka haɗa: ta farko ta karanta yanayin kwana 365 da suka shige, ta miƙa wa ta biyu, ita kuma ta ɗauki hasashen ruwan sama ta hango kwana 7 gaba. Da bayanan ma'aunan kogi 5,680, wato tashoshin auna yawan ruwan kogi, suka horar da ita.

Sani: Nan nake da ja, Malam. Ma'aunan nan akasarinsu ba a Afirka suke ba.

Malam Bashir: Gaskiyarka, kuma abin na damuna. Dabarar da suka yi ita ce raga ɗaya ga dukkan koguna, ana gaya mata siffar kowane yanki: gangarensa, irin ƙasarsa, faɗinsa. Wajen gwaji kuma sai a ɓoye mata wasu koguna ɗungurungum. In ka cakuɗa kwanakin horo da na gwaji, sakamako zai yi kyau a takarda, ranar ambaliya ta ba ka kunya.

Hauwa: Ni tambayar da ke raina ta Maiduguri ce. Satumbar 2024, madatsar Alau ta ɓalle, mutane na barci ruwa ya shigo musu.

Malam Bashir: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Sani: Amin.

Malam Bashir: Irin wannan ragar alaƙar ruwan sama da kogi ta koya. Tana iya cewa ruwa mai yawa na tafe, amma tsagewar bangon madatsa ba ta cikin abin da aka nuna mata. Haka idan Kamaru ta buɗe madatsar Lagdo ruwa ya bi Binuwai, shawarar mutane ce.

Sani: Sai dai a shigar mata da jadawalin sakin ruwa kenan.

Malam Bashir: In masu kula da madatsun za su riƙa bayarwa a kan lokaci, ƙara mata wannan ba wuya. Samun bayanan shi ne aikin.

Hauwa: To mako mai zuwa kan ma'aunan da NIHSA, hukumar lura da ruwan koguna ta Najeriya, da AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma da ke Yamai, ke dogaro da su za mu tsaya. Mu kwana nan.