Jawabin Maraba ga Babban Baƙo daga Kwamitin Sashen Nazarin Sararin Samaniya

Ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan sashe muna yi maka barka da zuwa. Hidimarka ga ilimi ba ta buƙatar shela, kuma tun da ka tako har nan mun san kukanmu ya iso inda za a share mana hawaye. Buƙatarmu ta gaggawa ita ce babbar kwamfuta da intanet mai ƙarfi.

Da ƙaramin madubin hangen nesa guda ɗaya muka fara, ɗalibai suna hawa da shi saman bene suna yin layi don su leƙa ramukan wata. Yau waɗannan ɗalibai ne suke nazarin bayanan madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba sararin samaniya ranar 25 ga Disamba 2021, yake aiki a nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Madubin nan mai faɗin mita 6.5 yana kama hasken infirared, wanda ido ba ya gani, jiki ne kawai ke jin ɗuminsa. Dalili kuwa shi ne, hasken taurarin farko ya shafe fiye da shekaru biliyan 13 a hanya, faɗaɗar sararin samaniya ta miƙar da shi har ya koma infirared. Hasken infirared ɗin ne kuma yake ratsa ƙurar da sababbin taurari ke samuwa a cikinta, kuma da shi aka gano iskar kabon dayokzayid a WASP-39b, wata duniya mai kewaya wani tauraro daban da rana, a 2022, a ƙoƙarin sanin ko wasu duniyoyi za su iya ɗaukar rai.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, ranka ya daɗe, shi ne yawancin bayanan nan kyauta ne ga kowa a rumbun adana bayanai na MAST da ke Amurka, amma ɗalibinmu sai ya kwana yana sauke fayil ɗaya, gari ya waye ya tarar ya yanke a tsakiya. An sha yi mana alkawari, har yau shiru kake ji.

Muna kuma fatan a tura matasan malamanmu horo kan neman lokacin amfani da madubin James Webb. Amma kwamfutar nan da intanet su ne a gaba, ranka ya daɗe, kuma takardar ƙiyasin kuɗinsu tana haɗe da wannan jawabi domin sa hannunka. Allah ya ƙara girma, ya maishe ka gida lafiya.